Da Banjo bai tsaya a Benin ba, da Legas ta faɗi?

Wani tsohon ɗalibina da na koya wa tarihi a lise, wato makarantar sakandare, wanda yanzu yake jami'ar nan ta Zinder, ya aiko mini da wannan tambaya: "Mushe, na karanta cewa a watan Agusta na 1967 sojojin Biyafara sun kai garin Ore, saura kaɗan su shiga Legas, amma kwamandansu ya ɓata kwanaki a Benin. Da bai tsaya ba, da sun ci Legas? Da yaƙin ya ƙare tun a lokacin? Mu kuma nan Damagaram, da me ya same mu?"

Ɗana, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ina da shekara goma sha biyu lokacin da aka yi wannan abu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aunin gyaɗa ne, kuma kullum bayan sallar isha'i maƙwabtanmu na Zango sukan taru a ƙofar gidanmu saboda akwatin rediyonsa, a saurari Kaduna, a juya a saurari Landan. A can na fara jin sunan Ore, ban ma san ko gari ne ko kogi ba.

Amsata a gajarce ita ce: ko da Banjo, kwamandan nasu, bai kwana a birnin Benin na kudancin Najeriya ba, ba na jin zai ci Legas ya riƙe ta. Sai dai akwai wata hanya da ta rabu daga Ore wadda ta fi ta Legas haɗari ga gwamnatin Gowon, shugaban mulkin sojan Najeriya na lokacin, kuma ita ce ta shafe mu kai tsaye. Bari in bi da kai daki-daki.

Ka fara riƙe yadda abubuwa suke kafin ranar. Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ya yi shelar ɓallewar yankin da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, bayan juyin mulki biyu na 1966 da kisan dubban ƴan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, abin da ya sa mutanensa suka yarda cewa ba su da sauran zama lafiya a Najeriya. An fara harbi ranar 6 ga Yuli. Kafin watan ya ƙare sojojin tarayya sun karɓe Nsukka da Ogoja ta arewa, Benjamin Adekunle kuma ya sauka a Bonny ta teku, wato bakin da man fetur yake fita. Inugu, hedkwatar Ojukwu, ta shiga cikin haɗari tun yaƙi bai cika wata guda ba. Saboda haka tsallaka kogin Kwara zuwa yamma dabara ce ta wanda aka matsa wa lamba: a buɗe wata ƙofa don a janye sojojin tarayya na Muhammadu Shuwa daga kan Inugu, in sa'a ta zo kuma a kifar da Gowon baki ɗaya.

Cikin daren 9 ga Agusta, kafin asuba, ayarin motoci kusan ɗari ya haye gadar Anacha zuwa Asaba. Gadar sabuwa ce fil, a ƙarshen 1965 aka gama ta. Jihar Yamma ta Tsakiya, ƙarƙashin gwamnanta David Ejoor, ta riga ta ce ba za ta zama fagen fama ba, kuma yawancin manyan hafsoshin da ke barikin Benin ƴan Ibo ne na yammacin kogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin rana ta faɗi an kama Benin, an kama Warri da Sapele, kusan ba a yi wani harbi ba. Ejoor ya sulale ya ɓace a ƙauye. Mutumin da ya ja wannan runduna shi ne Laftanar-Kanar Victor Banjo, Bayarabe, wanda aka tsare bayan juyin mulkin Janairu 1966, aka kai shi kurkuku a Gabas, Ojukwu ya sake shi.

Daga nan ne abin da ka karanta ya faru. Banjo ya tsaya a Benin, ya yi jawabi a rediyo, suka shiga jayayya da Ojukwu a kan wanda za a naɗa ya mulki jihar. Banjo yana son wanda ba Ibo ba, don kada sauran ƙabilu su ga kamar mamaya ce. Ojukwu ya dage, ranar 17 ga Agusta aka naɗa Manjo Albert Okonkwo, likita, ɗan Ibo. Sai wajen 20 ga wata rundunar ta isa Ore. Ka lissafa da kanka: kwana goma sha ɗaya, a tafiyar da ba ta fi kilomita ɗari da ƴan kai ba daga Benin. A cikin waɗannan kwanaki Gowon ya daina kiran abin aikin ƴan sanda, ya ce yaƙi ne gadan-gadan, aka ba Murtala Muhammed, yana da shekara 28, umarnin haɗa Runduna ta Biyu. Da akawuna da masu dafa abinci da ƴan mazan jiya da kurata ya haɗa ta, aka ƙwace motocin haya a titi aka ɗora su. Faɗan da aka gwabza a Ore har yau Yarabawa suna buga misali da tsananinsa.

To yanzu mu cire waɗannan kwanaki. Mu ce ranar 10 ga Agusta da sassafe Banjo ya tada motoci ya nufi yamma. Me zai tarar?

Abu na farko, hanya. Mu mutanen Damagaram mun saba da fili. In mota ta sami matsala a kan hanyar Tanout, sai direba ya sauka gefe ya zagaye ta cikin rairayi. Ƙasar da ke tsakanin Benin da Ijebu Ode ba haka take ba. Kurmi ne mai duhu, da ƙoramu da fadamu, a lokacin kwalta ɗaya ƴar siririya ce ta ratsa shi, ga gadoji ƙanana birjik, kuma damina ce. Mota ba ta sauka daga titi. Ayarin motoci ɗari a irin wannan hanya kamar zare ne a cikin allura: in aka karya gada ɗaya, ko aka ƙona mota biyu a gaba, duka sun tsaya, na baya ba ya iya taimakon na gaba. Mutum talatin da bindiga mai jigida da nakiya sun isa su riƙe bataliya guda yini ɗaya ko biyu. Kuma haka aka yi daga baya, gadojin yankin sun sha nakiya daga ɓangarorin biyu. Daga Ore zuwa Legas akwai kilomita 200 da wani abu. Mai cewa "saura kaɗan" a taswira ya auna.

Abu na biyu, su wa ke cikin motocin? Ko a lissafi mafi yawa ba su wuce ƴan dubbai ba, kuma an raba su uku: wasu sun yi kudu wajen Warri, wasu sun yi arewa ta Auchi suna fuskantar Okene, sauran ne suka nufi Ore. Da yawansu sababbin shiga ne, horon makonni kaɗan, wasu ko kaki babu. Motocin kuma akwai na ɗaukar kaya da na fasinja da aka tattaro daga tasha. Ba igwa ta kirki, ba motoci masu sulke sai ƴan ƙira na gida, ba injiniyoyin da za su kafa gada cikin dare in an karya. Benin ta faɗi ne domin an buɗe ƙofa daga ciki. Wannan nasara ta ruɗi mutane da yawa, har da marubuta, suka ɗauka ƙarfin rundunar ne. Ba a gwada ƙarfinta ba sai a Ore, kuma da aka gwada ba ta wuce ba.

Duk da haka zan ba ka abin da ya kamata in ba ka. Ranar 10 da 11 ga Agusta tsaron hanyar Legas ba shi da kauri ko kaɗan. Sojan Najeriya gaba ɗaya kafin yaƙi wajen dubu goma ne kawai, an rasa hafsoshi da yawa a juyin mulki biyu, mafi yawan waɗanda suka iya faɗa suna arewacin Inugu ko Bonny. Saboda haka na yarda Banjo zai iya wuce Ore a ranar farko. Zai iya kai wa Ijebu Ode cikin kwana biyu, in Allah ya sa ba wanda ya yi saurin karya gada a gabansa. Watakila ma ƴan gaba-gabansa su hango Ikorodu. Da an yi ruɗani a Legas, da ofisoshin jakadanci sun fara kwashe iyalansu, da jita-jita ta yi ɓarnar da harsashi bai yi ba.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma mu ne ya fi kamata mu san haka. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya gaji igwa da bindigogi tun daga zamanin Tanimun, ya shiga ƙasar Kano da yaƙi lokacin Sarki Alu, ya yi ɓarna, ya dawo gida bai ci birnin ba. Isa bakin ganuwa lissafinsa daban, kwana a cikinta lissafinsa daban.

Dubi yadda Legas take, wadda su mahaifina ke kira Ikko. Kafin ka kai ga Gowon sai ka wuce barikin Ikeja da filin jirgin sama, ka ratsa unguwanni cike da mutane, ka bar tashar jiragen ruwa ta Apapa a gefenka da nata barikin, sannan ka haye gadar Carter zuwa tsibiri, ka shiga Ikoyi inda barikin Dodan yake da dakarun tsaron fadar gwamnati. Jiragen yaƙin ruwa kusan duka suna hannun tarayya. Adekunle yana iya ɗebo wasu daga cikin mutanensa ta teku ya dawo da su. Jirgin ƙasa yana iya sauko da sojoji daga Kaduna. Mutum dubu ɗaya ko biyu da suka yi tafiyar kilomita kusan 450 daga Anacha, harsashinsu da mansu duk a bayansu ta hanya guda, ba za su iya wannan aiki da ƙarfin bindiga ba. Ojukwu ya sani, Banjo ma ya sani. Dukan shirin a kan abu ɗaya ya rataya: Yarabawa su tashi su buɗe ƙofa kamar yadda aka buɗe a Benin.

Nan ne zuciyar tambayarka take, kuma nan ne nake ganin masu ƙirga kwanaki suke kuskure. Da a watan Mayu ne, da akwai magana. A farkon watan Obafemi Awolowo, jagoran siyasar Yarabawa, ya faɗa a Badun cewa in aka bar Gabas ta fita, Yamma da Legas ma ba za su zauna ba. Ya nemi a kwashe sojojin Arewa daga ƙasar Yarabawa, ya je Inugu ya gana da Ojukwu. Amma ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12. Arewa, wadda girmanta shi ne babban abin tsoron Awolowo tun zamanin Sardauna, ta zama shida. A watan Yuni aka ba Awolowo ma'aikatar kuɗi da mataimakin shugaban majalisar zartarwa. Mutumin da yake kurkukun Kalaba har Agusta 1966, Gowon ya sake shi, ga shi yanzu shi ne farar hula mafi girma a gwamnati. Me Banjo zai ba shi da ya fi wannan? Da aka shiga Benin ma fitowa ya yi ya kira mutanensa su tsaya bayan tarayya. Gwamnan Yamma, Adeyinka Adebayo, bai motsa ba. Olusegun Obasanjo, wanda yake riƙe da sojojin Badun, an kai masa saƙon Banjo ya ƙi ba da hanya. Marubuci Wole Soyinka, wanda ya shiga tsakani yana neman wata mafita ta uku, a watan nan aka kama shi, ya yi fiye da shekara biyu a tsare.

Sannan ka sa kanka a matsayin manomin koko na Ondo ko ɗan kasuwar Ijebu. An ce maka an zo ƴantar da kai. Ka duba motocin ka ga direba da soja duk daga Gabas suke, kwamanda ne kawai naku. Wasiƙar umarnin da Ojukwu ya rubuta wa Banjo ma ta nuna cewa sojojin Biyafara za su zauna a Yamma har sai shi ya ga dama, manyan naɗe-naɗe kuma sai da yardarsa. Naɗin Okonkwo a Benin ya riga ya nuna wa kowa samfurin abin da ke tafe.

Shi ya sa ba na ɗaukar zaman Banjo a Benin a matsayin lalaci ko sakarci. An harbe shi a Inugu kafin Satumba ta ƙare, tare da Emmanuel Ifeajuna da Philip Alale da Sam Agbam, bisa zargin cin amana, kuma tun daga ranar labarin ya zama na mutum ɗaya da ya sayar da nasara. Ni a karatuna, mutumin yana jiran saƙo ne daga Badun da Legas, saƙon bai zo ba. Ya san in ya shiga ƙasar iyayensa da baƙin sojoji ba tare da an kira shi ba, sunansa ya ɓaci har abada, kuma ba zai fita da rai ba. Yana da burin kansa, wannan gaskiya ne, kuma burinsa bai zo ɗaya da na Ojukwu ba: shi Najeriya yake so ya gyara, Ojukwu fita yake so ya yi. Mutum biyu suka hau doki ɗaya, kowa da garin da ya nufa. Ko a Benin ko a Ijebu Ode, dole wannan saɓani ya fito. In da bai fito ranar 10 ba, da ya fito ranar 13, a wuri mafi muni, inda babu hanyar komawa.

Yanzu ga hanyar da na ce maka ta fi haɗari. Ore mararraba ce. Titi ɗaya ya miƙe yamma zuwa Ijebu Ode da Legas, ɗaya ya yi arewa zuwa Ondo da Ife, daga nan Badun. Kusan duk mai wannan muhawara Legas yake kallo, don can Gowon yake. Ni Badun nake kallo, saboda layin dogo.

A lokacin Najeriya tana da layi biyu da suka haɗa Arewa da teku. Na gabas ya bi ta Kafanchan da Makurɗi da Inugu ya sauka Fatakwal, kuma tun rikicin 1966 ya daina aiki tsakanin ɓangarorin. Saura na yamma: Kano, Zariya, Kaduna, Minna, gadar Jabba, Ilori, Oshogbo, Badun, Legas. Ta nan gyaɗa da auduga da fatu da kuza suke fita. Ta nan makamai da man fetur suke hawa, domin matatar mai guda ɗaya da ƙasar take da ita, wadda aka buɗe a 1965 kusa da Fatakwal, tana hannun Biyafara. Rundunar Shuwa da ke gaban Inugu ta wannan jijiya take shan jini. Ba sai an ci Badun ba. In aka zauna a kan layin a ko'ina tsakanin Oshogbo da Badun, aka karya gadoji biyu uku, an raba gwamnati da rundunarta mafi girma na wasu makonni. Wannan aiki ne da ƙaramar runduna mai sauri za ta iya, ba kamar cin Legas ba.

Mu kuma nan ne abin zai zo har ƙofar gida. A shekarun nan ba a fara haƙar yuraniyom a Arlit ba, sai 1971 aka fara fitarwa. A lokacin gyaɗa ce dukiyar Nijar, ita ce mafi yawan abin da ƙasar take sayarwa waje, kuma Magarya da Matamaye da Mirriya suna cikin zuciyar nomanta. Kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 shi ke saye. Daga Zinder zuwa Kano kilomita 240 ne ko kusa da haka, a sauke buhu a tashar jirgin ƙasa, sai Apapa. Akwai wata hanyar tun zamanin Faransawa, ta Dosso da Gaya zuwa Paraku, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Kwatano, amma daga nan garin sai mota ta yi fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga layin dogo. Kuɗin motar kaɗai ya isa ya cinye ribar manomi. Ka kuma lura da lokacin: a Agusta gyaɗa tana gona, a Oktoba ake cira, daga nan a buɗe kasuwa a kafa sikeli. In layi ya yanke a tsakiyar Agusta ya kai Nuwamba bai dawo ba, to buhuna za su taru a Magarya da Kano ba mai ɗauka, farashi ya faɗi, talaka ya rasa kuɗin haraji, gwamnati a Yamai ta rasa na albashi. Kananzir da gishiri da atamfa da goro, duk daga kudu suke zo mana. Dattawan ƙofar gidanmu ba su san sunan ko bataliya ɗaya ba, amma duk daren da aka ambaci Ore tambayarsu ɗaya ce: jirgi yana tafiya?

To ko wannan zai ba Biyafara nasara? A nan ma ina da shakka, kuma dalilina shi ne ainihin abin da ya sa hanyar take da haɗari. Arewa za ta iya jure rashin Gowon a barikin Dodan, amma ba za ta iya jure rashin teku ba. A Yuli 1966 hafsoshin Arewa, har da Murtala, araba suke kira, wato a rabu kowa ya kama gabansa. Abin da ya dawo da su, baya ga lallashin manyan ma'aikata da jakadun Ingila da Amurka, har da wannan lissafi: ƙasar da ba ta da gaɓar teku a hannun maƙwabtanta take. Mu ƴan Nijar ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Saboda haka duk wanda ya zauna a kan layin Jabba ya jawo wa kansa dukan ƙarfin Arewa, daga Kaduna da Ilori, ta filin da ya fi kurmi sauƙin tafiya. Kuma abin da Murtala ya yi a zahiri ya nuna yadda za ta kaya. Bai tsaya turereniya a kan titin Ore kaɗai ba. Ya zagayo ta arewa, ta Okene da Auchi, ya sauko wa Benin ta baya, Adekunle kuma ya shigo ta Warri. Ranar 20 ga Satumba ya shiga Benin. Okonkwo ya yi shelar wata Jamhuriyar Benin ana jin ƙarar bindiga a bayan gari, ba ta kai kwana biyu ba. Kada ka haɗa ta da maƙwabciyarmu, ita Dahomey sai 1975 ta ɗauki sunan. Yanzu ka ɗauka rundunar Banjo tana can Ife ko Oshogbo lokacin da aka rufe Benin a bayanta. Waɗanda suka tsere suka haye gadar Anacha suka karya ta, da ba su sami wannan dama ba. Da an kama su ko an kashe su gaba ɗaya, da makamansu.

Akwai ƴar taga guda da nake bari a buɗe. In layi ya yanke, Legas ta ruɗe, wasu hafsoshin Yarabawa suka fara tunani biyu, to mai yiwuwa cikin mako biyu ko uku a matsa wa Gowon ya koma teburin sulhu, a farfaɗo da wani abu mai kama da yarjejeniyar Aburi ta Janairu 1967, inda kowane yanki zai riƙe kusan dukan ikonsa. Wannan shi ne iyakar abin da nake ganin Ore za ta iya haifarwa. Amma sai Ojukwu ya yarda ya janye shelar ɓallewa alhali yana ganin kansa a sama, kuma halinsa a duk zaman sulhun da aka yi daga baya bai nuna mai yin haka ba ne.

Ƙasashen waje ma ba su tare da shi a lokacin. A Agusta 1967 babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da Biyafara. Tanzaniya ce ta fara, a Afrilu 1968, sai Gabon da Kodebuwa da Zambiya a Mayu, Haiti a 1969. Janar de Gaulle, shugaban Faransa, sai ƙarshen Yuli 1968 ya fito da goyon bayansa, makaman Faransa ta Libreville da Abidjan bayan nan suka yawaita. Ingila tana da Shell-BP da dukiya mai yawa a Legas, kuma a watan Agustan nan ne jiragen yaƙi ƙirar MiG na Tarayyar Sobiyet suka fara sauka a Kano. Ka lura, a Kano, nan kusa da mu, inda ba wata rundunar Biyafara da za ta kai. Matsa wa Legas zai ƙara wa waɗannan ƙasashe biyu gaggawa ne wajen tallafa wa Gowon, kowacce don kada ɗayar ta riga ta.

Diori Hamani, shugabanmu na lokacin, kuwa, ko Legas ta girgiza ba na jin zai sauya. Faransa ta so ƙawayenta su karkata ga Biyafara, Houphouët-Boigny na Kodebuwa da Bongo na Gabon suka bi, shi ya ƙi. Bai daɗe da fita daga tawayen Sawaba na 1964 da yunƙurin kashe shi a 1965 ba, yana buƙatar hukumomin Arewa su tsare masa iyaka, gyaɗarsa tana bi ta Kano, kuma yawancin talakawansa suna da dangi a Katsina da Daura da Kano da Barno. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yana cikin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗora wa sulhu a taron Kinshasa na Satumba 1967, tare da Haile Selassie da Tubman da Ankrah da Ahidjo da Mobutu, kuma a Yamai aka zauna a Yuli 1968, Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo.

Tun da rubutun kammala karatu kake shirin yi, ga tambayar da nake ganin ta fi taka nauyi, kuma ba a cika yin ta ba: da Biyafara ba ta tsallaka Kwara ba sam fa? Dubi abin da tafiyar ta jawo mata. Kafin 9 ga Agusta tana da maƙwabciya a yamma wadda ta ce ba ruwanta, iyakar da ba sai an tsare ta ba. Bayan mako shida wannan iyaka ta zama fagen daga, da sabuwar runduna a kanta. Mutanen Bini da Urhobo da Itsekiri da Ijo, waɗanda da suke kallo daga gefe, sun ɗanɗani mulkin soja na baƙi, suka juya baya. Yarabawa, waɗanda ba su da yawa a cikin sojan ƙasa, suka yi ta shiga soja bayan Ore, rundunar da ba ta kai dubu goma ba ta haura dubu 200 kafin ƙarshen yaƙi. Hujjar Biyafara a idon duniya, cewa kare kanta kawai take yi, ta raunana. Inugun da aka fita don a ceta ta faɗi ranar 4 ga Oktoba. Mafi muni, ƴan Ibo na yammacin kogi su suka biya bashin da ba su ci ba: an kashe su a Benin da wasu garuruwa da sojojin tarayya suka dawo, sannan ranar 7 ga Oktoba sojojin Runduna ta Biyu suka tara maza a Asaba suka harbe ɗaruruwa. Wannan ba a faɗe shi a rediyon da muke saurare a ƙofar gida ba. Na girma, na fara koyarwa, kafin in sani.

Da sojojin da motocin da harsashin da aka zuba a hanyar Ore an ajiye su a Inugu da Kalaba da Fatakwal, da yaƙin ya ɗauki wata kama. Ba na cewa da Biyafara ta tsira, domin toshe teku shi ya kashe ta a hankali har zuwa Janairu 1970, kuma ba ta da jiragen da za su buɗe shi. Amma da ta shiga 1968, shekarar da Faransa ta buɗe hannu, da ƙasa mai faɗi da tashar ruwa da maƙwabta da ba su zama abokan gaba ba. A nan ne za ka sami abin yin muhawara da hujjoji ta kowane ɓangare.

In ka zo hutu ka biyo ta gida bayan la'asar, ka taho da taswirar Najeriya wadda ta nuna koguna da layin dogo, ba ta jihohi kaɗai ba. Za mu auna daga Ore zuwa Oshogbo da zare, mu ƙirga gadojin da ke tsakani. Akwai kuma wani dattijo a Birni da ya yi tuƙin motar gyaɗa zuwa Kano a shekarun nan, har yanzu hankalinsa garau. Ka zo da abin ɗaukar murya, mu je tun yana iya ba da labari.